Wasiƙa Zuwa ga 'Yata Mai Juna Biyu

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan laulayi ya yi sauƙi, na ji kin ce har yanzu kina raba dare kina aiki, kuma zazzaɓin da ya taso miki kin ƙyale shi ya sauka da kansa. Abin da ya sa na rubuto miki ke nan.

Jikin mutum yana da agogonsa a cikin ƙwaƙwalwa, kuma hasken da ke shiga ido ne yake saita shi. Idan duhu ya yi, jiki yakan fitar da sinadarin melatonin, wanda ke ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi. Jariri ba ya daidaita nasa agogon sai ya yi kusan wata 3 a duniya, saboda haka daga jininki abin da ke cikinki yake sanin dare ya yi ko gari ya waye. Duk daren da kika kwana fitila a kunne, waya a gaban fuska, saƙon yakan isa gare shi da rauni, alhali ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa suna tsakiyar yaɗuwa da haɗuwa da juna.

Sai dai zazzaɓin ya fi tayar mini da hankali. Tun a 1941 wani likitan ido a Ostareliya, Norman Gregg, ya gano cewa cutar rubela, mai kama da ƙyanda, a jikin mai ciki tana janyo wa jariri yanar ido, sannan a 2015 aka ga yadda cutar Zika, wadda sauro ke yaɗawa, ta sa aka riƙa haihuwar jarirai masu ƙaramin kai a Birazil. Ba lallai ma sai ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ga ɗan tayi ba, domin gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna cewa sinadaran da garkuwar jikin uwa ke saki yayin yaƙi da cuta suna iya sauya yadda ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Ita kuwa garkuwar jiki, tare da agogon nan take tafiya, shi ya sa ƙarancin barci yake raunana ta.

Ba ina so ki tsorata ba ne, mata da yawa sun yi zazzaɓi sun haifi 'ya'yansu lafiya lau. Amma ki tsayar da lokacin kwanciya guda, ki nemi a sassauta miki aikin dare, ki yawaita wanke hannu. Idan jikinki ya sake yin zafi, ki je asibiti a ranar, kada ki jira ranar awo, kada kuma ki sha maganin da likita bai rubuta miki ba.

Ki gaida maigidanki. Allah Ya sauke ki lafiya.

Mahaifiyarki.