Wasiƙa Zuwa Jos: Sun Ɗora Mini Kwamitin Bishara

Sakkwato,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ɗan'uwana kuma abokina,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara da dukan 'yan'uwa na can Jos. Mu ma nan lafiya muke, in ban da zafin bazara da ka gudu ka bar mu da shi. Na san shirun ya yi tsawo, har maman yara ta fara tambaya ko faɗa muka yi, amma tambayar da ka aiko mini ba irin wadda ake amsawa da layi biyu a waya ba ce, shi ya sa na jira har na sami zama.

Kafin in taɓa tambayarka, ga labari: dattawan ikilisiya sun zauna, sun ɗora mini shugabancin kwamitin bishara, tare da ajin matasa na yammacin Laraba. Ka gama dariyarka tukuna, ina jira. Ba sai na tuna maka da Zabura ta 23 da abin da ya faru a gaban Makarantar Lahadi ba, tun da kai ne ka yi ta yayata shi har Zuru. Da na nemi a ɗauke mini, Baba Dattijo ya ce ai shi ya sa suka zaɓe ni, domin masu baki sun daɗe suna yi wa matasa magana a kan ƙarfin hali, matasan kuma ba su motsa ba, bari a gwada wanda ya san yadda harshe yake nauyi.

Ka tambaye ni dalilin da ya sa ikilisiyoyin nan suka daina fita wa'azin fili, ka kuma haɗa da hoton taronku da lasifika da tutoci. Na ji daɗin hoton, ko da yake tumbin da na gani a jikinka ba na mai yawon bishara a ƙasa ba ne. Amma ka san garin nan kamar yadda na san shi. Tun ranar 12 ga Mayu, 2022, da aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci a wani saƙon murya na WhatsApp, bakin yaranmu ya mutu. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, Bishop Matthew Kukah ya yi kira a kwantar da hankali, gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sa dokar hana fita bayan zanga-zangar da ta biyo baya, gari kuma ya lafa, amma iyaye ba su manta ba. Uwar da za ta tura 'yarta makaranta a yau, gargaɗinta na ƙarshe a bakin ƙofa shi ne kada ta kuskura ta yi maganar addini da kowa. Ni ba zan ga laifin wannan uwa ba. Kwanakin baya wani baƙon mai wa'azi ya zo daga nesa, ya hau bagade ya kira mu matsorata, ya ce da shi ne da ya kafa lasifika a tsakiyar babbar kasuwa. Washegari da sassafe ya shiga mota ya tafi, mu kuwa nan za mu ci kasuwa, nan yaranmu za su zauna aji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai da na fara zama da matasan ina sauraronsu, na gane cewa ba duk shirun ne tsoro ya haifa ba. Hausawa suna cewa tsoro na daji, kunya ta gida, kuma yawancin abin da yake ɗaure mana harshe na gida ne. Ka ɗauki saurayi mai suna Dauda ko Yusufu, Hausarsa tsaf, kaftaninsa da hularsa ba su bambanta shi da kowa ba, ya shekara da shekaru a ofis ko a shagon ɗinki abokan aikinsa ba su san shi mai bi ba ne. Idan an tambaye shi ina ya shiga ranar Lahadi, sai ya ce ya ɗan fita. Babu wanda ya ɗaga masa sanda, babu wanda zai kore shi daga aiki don ya ce ya je sujada. Abin da yake gudu shi ne kallon mamaki da tambayar nan da kai ma ka sha ji, wai dama akwai Bahaushe Kirista. Wasu kuma abin da yake hana su shi ne jahilci, kuma sun faɗa mini da bakinsu. Abokinsu Musulmi ya tashi da allo tun yana ƙarami, ya san abin da ya gaskata, yana iya kawo aya da ka, su kuwa da zarar an tambaye su yadda Allah zai zama da Ɗa, ko an ce musu an canja Linjila, sai gumi ya karyo. Akwai kuma kashi na uku, waɗanda suka san halinsu a unguwa bai yi daidai da abin da za su faɗa ba. Waɗannan shirunsu ya fi mini maganarsu, har sai sun biya bashin mai shago.

Saboda haka abin da nake koyarwa ranar Laraba ƙarami ne ƙwarai, har ina jin zai ba ka haushi. Mun zauna a kan 1 Bitrus 3:15 da 16, inda manzo Bitrus ya ce mu kasance a shirye kullum mu ba da amsa ga duk wanda ya tambaye mu dalilin begen da yake cikinmu, amma da tawali'u da bangirma da lamiri mai tsabta. Na nuna musu cewa wasiƙar an rubuta ta ne ga masu bi 'yan tsiraru da suke warwatse a Fantas da Galatiya da Kafadokiya da Asiya da Bitiniya, mutanen da suke zaune cikin maƙwabtan da ba su yarda da su ba, kuma wanda ya rubuta ta shi ne mutumin da wata baranya ta tambaye shi a bakin wuta ya rantse bai san Yesu ba. Ayar ta ɗauka cewa wani zai tambaya. Aikinmu na farko shi ne mu zauna da mutane zaman da zai sa su tambaya, na biyu kuma kada mu yi ƙarya ko mu kauce idan tambayar ta zo. Ga masu tsoron muhawara kuwa, na kai su Yahaya sura 9, wurin makahon da malaman Yahudawa suka tsare da tambayoyin da suka fi ƙarfinsa, ya ce shi abu ɗaya ya sani, dā makaho ne, yanzu yana gani. Na ce musu faɗin "ban sani ba, amma zan bincika in dawo maka" ba faɗuwa ba ce.

Na san za ka ce wa ya taɓa tambayata, ni da ko a ɗaurin aure ba a jin muryata. To, ka tuna Alhaji maƙwabcinmu, mai fataucin albasa, wanda yake aiko mana da cinyar rago kowace Babbar Sallah, mu kuma mu aika masa da shinkafa ranar Kirsimeti. Lokacin rasuwar Mama, wadda ba ka sami zuwa ba, shi ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa don masu ta'aziyya, ya zauna tare da mu har aka watse. Bayan wasu makonni muna shan shayi da dare, sai ya ce akwai abin da yake son tambayata idan ba zan ji haushi ba. Ya ce ya ji matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, suna waƙa da kiɗa a kan gawa, kuma ya lura waƙar ba ta makoki ba ce, shi kuwa a saninsa mutuwa wurin tsoron Allah ne da shiru, to mene ne muke yi wa murna. Ɗan'uwana, na ji kofin yana rawa a hannuna. Amma tambaya ce ta gaskiya daga mutumin da ya ɗauki nauyin baƙina, kauce mata zai zama raini. Na gaya masa cewa mu ma muna kuka, ya ma ga hawayena ran nan, amma mun gaskata Yesu Almasihu ya mutu saboda zunubanmu, ya tashi a rana ta uku, kuma wanda ya dogara gare shi, kamar yadda Mama ta dogara, an gafarta masa, zai kuma tashi. Iyakar abin da na faɗa ke nan, ban kai minti biyar ba.

Shi ma ya faɗi nasa. Ya bayyana mini girman Annabi Isa a wurinsu, da haihuwarsa ta wurin Maryamu ba tare da uba ba, ya kuma ce a addininsu ba a gicciye shi ba, kowa kuma aikinsa da rahamar Allah ne za su fisshe shi. Na saurare shi har ya gama, kamar yadda ya saurare ni. Ba mu daidaita ba, kuma babu wanda ya yi kamar an daidaita. Kada ka rubuto kana tambaya ko ya tuba, domin na san halinka da son lissafin da za a karanta a taron shekara. Alhaji yana nan a sahun farko a masallacin unguwa, shayinmu kuma bai tsaya ba. Abin da ya canja shi ne yanzu ya ji abin da na gaskata daga bakina, ba daga bakin masu faɗa a intanet ba, ni kuma na gane cewa mutumin kirki ba ya ƙin ka don ka gaya masa gaskiyar zuciyarka cikin ladabi. Sauran na Ruhu Mai Tsarki ne.

Baba Dattijo, da na ba shi labarin, sai ya ɗauko tarihin da ka san ba ya gajiya da shi. Ya ce tun da Lugga, wato Gwamna Lugard na Turawan Ingila, ya ci Sakkwato a 1903 ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi, kuma ƙofar da ta buɗu wa 'yan mishan na Sudan Interior Mission (SIM) a nan ita ce ta jinyar kutare, a Amanawa, wajen ƙarshen shekarun 1930. Wato a nan Sakkwato bishara ta fara shiga ne ta hannun masu wanke gyambo, kafin a ji ta a bakin masu wa'azi. Na yarda da shi, amma na ƙara wa matasa wani abu da nake ganin wajibi ne: taimako ba tarko ba ne. Wanda ka kai asibiti ko ka ba shi hatsi, ka yi don Allah ko zai saurare ka ko ba zai saurara ba. Haka nan ba na son in ji ɗayansu ya tare yaron mutane a ɓoye da sunan wa'azi, ko ya matsa wa wanda yake aiki a ƙarƙashinsa, balle ya taɓa mutuncin Annabin Musulmi ko Littafinsu, ko da wasa, ko da an tsokane shi. Muhawarar addini a zaurukan WhatsApp na aji ko na ofis kuwa na hana ta gaba ɗaya, domin a can ba fuska ake gani ba, kuma kalma ɗaya tana iya zagaya gari kafin mai ita ya gyara ta. Wani ɗalibin lauya a cikinsu ya miƙe ya karanto mini sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin yin addininsa da yaɗa shi. Na ce masa gaskiyarsa, kuma bai kamata mu yarda a manta da sashen ba, amma Ubangiji da ya aiki almajiransa shi ne ya ce su yi wayo kamar macizai, su zama marasa ɓarna kamar kurciyoyi, kuma bai ce a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba.

Kada ka ɗauka ajin ya cika da jarumawa. Wasu sun daina zuwa, wai abin ya yi sanyi da yawa, wasu kuma iyayensu sun hana su, ban kuwa bi su gida ba. Amma wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mana cewa yanzu idan majinyaci ya ce ta sa shi a addu'a, takan gaya masa cewa ita Kirista ce, ta tambaye shi ko ya yarda, kuma har yau babu wanda ya ce a'a. Ɗan ƙanwarka ma, wanda ya gaji gangarka a ƙungiyar mawaƙa kuma ya fi ka iya ta nesa ba kusa ba, ya fara gaya wa abokansa na wurin gyaran babur inda yake zuwa ranar Lahadi. Sun yi masa ba'a kwana biyu, suka sa masa suna Fasto, abin ya wuce.

Yanzu ga roƙona. Yawancin matasan nan Littafi Mai Tsarki na Turanci suke riƙewa, sai in an tambaye su da Hausa su rasa kalmomin da za su yi bayani, alhali kuwa Littafin yana nan da Hausa tun 1932. Idan ka shiga Challenge Bookshop, ka tambayar mini kuɗin na Hausa guda ashirin da Littafin Waƙoƙi guda goma, da ɗaya mai manyan baƙaƙe saboda Baba Dattijo, wanda idonsa ya yi rauni amma ya ƙi yarda. Ka sanar da ni kuɗin har da na mota, kwamiti zai turo. Kada ka ba direban da ka ba saƙon dankali a bara.

Maman yara tana gaishe da uwargida, ta ce har yanzu tana jiran zanen Zumunta da aka yi mata alkawari. Ka gaishe mini da Fasto da dukan mutanen gida, ku kuma riƙa tunawa da ajin Laraba a addu'ar safe.

Naka a cikin Almasihu,
Abokinka na Sakkwato.