Zuwa ga ƙanina a Glasgow, kan kalmar "thole"

Assalamu alaikum ƙanina,

Ranar taron ɗalibai ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni ma'anar "thole", kalmar da ka ce wata tsohuwa ta jefa maka da ta ga kana rawar ɗari a tashar bas. Lokaci ya ƙure mana a ranar, ga amsar yanzu.

Tsohuwar nan da harshen Skots ta yi maka magana, wanda uwarsu ɗaya da Turanci, ba Gelik na mutanen tsaunuka ba. Kalmar aikatau ce, kuma cewa ta yi ka daure. Wani a zauren ya ce "haƙuri" kenan, ni dai ban gamsu ba. Haƙurinmu akwai sanyin zuciya a cikinsa, har da yafiya. "Thole" babu ruwanta da wannan: abu na cin ka, babu yadda za ka yi, sai ka cije ka jure.

Asalinta "þolian" a tsohon Turanci, tun kafin Normawa su ci Ingila a 1066. Danginta na nan a Jamusanci, "dulden", kuma saiwarta ɗaya da "tolerare" ta Latin. Turancin boko ya yar da ita tuntuni, amma ta zauna daram a bakin mutanen Skotlan da arewacin Ingila. Ta kuma haye teku zuwa arewacin Ailan tare da 'yan Skotlan da aka zaunar a can, a yankin Ulster, a ƙarni na 17. A 1785 Robert Burns, mawaƙin Skotlan, ya sa ta a waƙar ɓeran da garmarsa ta rushe wa sheƙa, inda ɓeran ba shi da zaɓi sai ya jure ruwan ƙanƙarar hunturu.

Inda ta fi ba ni sha'awa shi ne kotu. Lauyoyin Skotlan na cewa mutum ya "tholed his assize", wato ya riga ya jure zaman shari'a a gaban masu taya alƙali yanke hukunci, don haka ba a sake gurfanar da shi kan wannan laifin. Ka ga sun ɗauki shari'a kanta a matsayin wahalar da ake sha sau ɗaya. Majalisar Skotlan ta sassauta ƙa'idar da dokar 2011, idan aka samu sabuwar hujja mai ƙarfi a manyan laifuka. Da wannan dokar aka sake kai wani mai suna Angus Sinclair kotu kan kisan wasu 'yan mata biyu da suka ɓata a Edinbara a 1977. An sallame shi a shari'ar farko a 2007, aka same shi da laifi a ta biyu a 2014.

Wajen furuci, ka sa harshe tsakanin haƙora kamar a "think", kada ka mai da ita "tol". Rigar sanyi kuma ka saya mai kauri kafin Janairu.

Naka,
Yayanka