Godiya ga shagon da ya ce mini ƙura ce kawai

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne don in yi godiya a bainar jama'a ga wani ɗan shagon gyaran kwamfuta da ke kan titin Sarki Yahaya a nan Sakkwato, musamman ga yaron shagon da ya karɓe ni wata ranar Talata da hantsi. Maigidansa ya roƙe ni kada in ambaci sunan kowa, wai shi bai ga wani abin a-zo-a-gani da suka yi ba. Na ji maganarsa, na bar suna. Yin shirun ne ba zan iya ba, domin sai da na yi mako uku ina yawo da kwamfuta a cinya bisa kabu-kabu kafin Allah ya kai ni ƙofarsu.

Sana'ata tace bidiyo: biki, walimar sauka, wa'azi, in azumi ya zo kuma tafsiri. Kwamfutar da nake ci da ita ta tebur ce, kuma ba a kwali na saye ta ba, da hannuna na haɗa ta a 2021. Furosesa Ryzen 5 3600, wato ƙwaƙwalwar injin, da madabod, faifan da ake jona komai a kansa, daga Computer Village ta Ikeja aka aiko mini, katin hoto na hannu ne na samo a Kano, akwatin kuma wani abokina ya bar mini. Kwana biyu na yi ina kallon YouTube ina ɗaure noti ina kwancewa. Ranar da ta tashi ta nuna rubutu a allo, sai da na aika aka kira uwargida ta zo ta gani.

Abin kunyar shi ne, tun daga wannan rana ban sake buɗe ta ba. Hunturu huɗu ta yi a ƙasa, ƙarƙashin tebur, dab da ƙofar shagona na Mabera, wanda ke kallon hanyar da ba ta da kwalta. Wanda ya zauna garin nan bai buƙatar bayani. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka goge tebur da safe, kafin la'asar za ka iya rubuta sunanka a kai da yatsa. Hazon da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, a ɗakunanmu yake sauka, ga kuma namu na gida da babura ke tayarwa. Ni kullum ina goge allo da madannai, ina ganin na gama tsafta. Ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa fankoki uku suna zuƙar wannan iskar awa goma a wuni ba.

Da bazara ta kunno kai a watan Maris sai abin ya fara. Da farko ƙara ce, kamar an ajiye mini injin markaɗe ƙarƙashin ƙafa. Daga nan sai nauyi, ka ja hoto ya tsaya yana tunani. Can sai ta koma ɗaukewa ɗif, ba sallama, kuma ba ta yin haka sai lokacin da nake fitar da bidiyon da na kwana ina tacewa. Akwai aikin wani biki a hannuna, an biya rabi, uwar amarya tana kira safe da yamma. Ƙarya ta ƙare mini, na koma cewa “gobe in sha Allahu” har ni kaina na daina yarda da bakina.

Wurin farko da na kai ta, mai gyaran ko murfin bai taɓa ba. Ya ce bairos ne, sai an yi fomatin. Aka yi, na biya, na dawo na kwashe kwana uku ina mayar da manhajojin aiki, ta sake ɗaukewa a daidai inda ta saba. Na biyu ya karɓe ta ya shige ƙuryar ɗaki ya ja labule, bayan minti goma ya fito yana girgiza kai, wai madabod ya ƙone. Ya yanka mini kuɗin sabo, ya ƙara da cewa zai rage mini wani abu in na bar masa tsohon. Na ce madabod ɗin da ya ƙone yaya ake yi yana tashi kullum da safe? Ya ce in na fi shi sani in ɗauki kayana. Na uku kuwa dariya ya yi, ya ce irin wannan haɗe-haɗen gida dama ba ya ƙarko, ga wata ta hannu nan yana da ita. Wani maƙwabcina, da kyakkyawar niyya, ya ce in kai wa mai faci ya hure mini ita da iskar taya.

To da wannan zuciyar na shiga shagon da nake magana, na riga na ƙudurta cewa duk wanda ya nufi labule da kayana zan bi shi. Maigidan yana kan wani aiki, sai ya nuna mini yaronsa, saurayi da bai wuce shekara ashirin ba. Gaskiya raina bai so ba. Amma yaron ya jawo mini benci, ya gaishe ni, ya yi abin da babu wanda ya yi cikin mako uku: ya tambaye ni.

“Malam, yaushe taka ɗaukewa? Da an kunna ta, ko sai ta yi aiki?”

Na ce sai ta ɗauki aiki mai nauyi.

“In ta huta kuma ta kan tashi?”

Na ce ƙwarai.

“To wagga ba ta mutu ba, Malam. Zahi taka ji.”

Bai tsaya ga baki ba. Ya jona ta a gabana, ya sa wata manhaja mai suna HWMonitor, ya ɗora mata aiki, ya juyo mini da allon. Ina kallo lambar zafin furosesa ta yi ta hawa har ta kai digiri 95, saurinsa kuma ya fara sauka. Ya ce nan ne iyakar da aka yi wa wannan furosesan. In ya kai wurin, da kansa yake rage gudu don ya huce, nauyin da nake gani ke nan. In ragewar ba ta wadatar ba sai injin ya kashe kansa don kada ya lalace.

Daga nan ya kashe ta, ya zare waya daga bango, ya danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar da ke ciki ta fita, ya dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu, sannan ya kwance murfin gefe. Wallahi sai da na sunkuyar da kai. Tsakanin fankar furosesa da ƙarfen da ke zuƙe zafi, ƙura ta daddaɓe ta zama kamar bargo, ja-ja, ya sa yatsa biyu ya ɗago ta ɗungurungum ba ta karye ba. Ragar gaba ta toshe, ko hasken fitila ba ya ratsa ta. A kusurwar sama kuma zanzaro ya gina gidansa na laka, ya yi ɗaki biyu, ya tashi ya bar mini.

“Ƙura ta, Malam,” in ji shi. “Ba komi ya ɓaci ba.”

Yadda ya yi aikin shi ya sa na zauna rubuta wannan wasiƙa. Tun injin yana da ɗumi ya kwance ƙarfen da ke kan furosesa, kuma bai fizge shi ba, murza shi ya yi hagu da dama a hankali har ya saki. Ya ce a irin wannan madabod, in man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen don zafi ya wuce ya bushe, yakan manne, wanda ya ja da ƙarfi sai ya taho da furosesan gaba ɗaya ya lanƙwashe masa ƙafafu. Man kuwa ya bushe ya farfashe kamar ƙanzo. Ya goge shi da sifirit irin wanda ke bushewa nan take, ya ajiye gefe. Sannan ya ɗauki akwatin ya fita da shi waje, ya sa takunkumi, ya miƙo mini ɗaya. Da bulowa ya yi aiki, kaɗan-kaɗan, kuma duk fankar da zai hura sai ya tokare ta da yatsa. Na tambayi dalili, ya ce in iska ta juya ta fiye da ƙima, gindinta na lalacewa. Inda ƙura ta kafe sai ya bi da burushi mai laushi. Tsumma bai kusanci madabod ba, domin a cewarsa, a wannan busasshen lokaci da mutum ke taɓa ƙofar mota ya ji tsit a yatsa, wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe ram, ɗan allon da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi.

Na kawo masa shawarar maƙwabcina ta mai faci. Bai yi dariya ba, ya ce tankin mai faci yana tara ruwa, wani lokaci har da mai, kuma ƙarfin iskar ya yi wa waɗannan ƙananan kaya yawa. Akwatin wuta, wanda suke kira fawa saflai, daga waje kawai ya hure shi. Na ce ya buɗe mana ya share ciki, ya ce a'a, akwai abubuwan da ke riƙe wuta a ciki ko an zare waya, maigidansa ya hana.

Sai kuma ya tsaya yana duban fankokin akwatin, ya ɗan yi shiru. Ya san ni na haɗa ta, na riga na faɗa masa da alfahari. Amma cewa ya yi, “Wanda yah haɗa ta ya yi ƙoƙari, sai dai fanka biyu na hidda iska, guda ɗai ka shigo da ita.” Ashe in mai fitarwa ta fi mai shigowa yawa, akwatin yakan riƙa tsotsar iska ta kowace kafa da kowane tsagi, inda babu raga, ƙura kuma ta biyo. Ya juya ɗaya ya mayar da ita gaba, bayan ragar. Shekara huɗu ina zargin hunturu, ashe da hannuna a ciki, kuma yaron ya gyara mini kuskuren ba tare da ya kunyata ni gaban mutane ba.

Sauran ba wani dogon labari. Ya ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake, ya mayar da komai, ya ɗora mata aikin da ya fi na farko nauyi, zafin ya tsaya saba'in da ɗoriya, ƙarar ta tafi. Kuɗin da maigidan ya faɗa bai kai abin da na kashe a kabu-kabu cikin makon ukun nan ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, me ya sa wannan ya zama abin mamaki? Mutum ya buɗe kayanka a gabanka, ya nuna maka ciwon, ya karɓi kuɗin abin da ya yi. Ai asalin sana'a ke nan. Amma yau ka kai waya, ka kai janareta, ka kai firji, labari ɗaya ne: ƙuryar ɗaki, labule, “dawo gobe”, sannan a kira maka sunan abin da ya fi komai tsada a cikin injin. Ba a tambayarka yadda ciwon ya fara, kamar mai maganin da ke ba da sassaƙe tun mara lafiya bai buɗe baki ba. Na san waɗanda suka kai kwamfuta da ram biyu suka dawo da ɗaya, ba su gane ba sai bayan watanni. Ga iyayen gidan da ke tara yara a shago shekara da shekaru, ba abin da suke koya musu sai aiken sayen fura da jiran kwastoma. Shi wannan yaron, kowane abu ya yi sai ka ji “maigida ya ce”, ka san an zaunar da shi an koya masa.

Mu ma masu kai gyara ba mu fita ba, in za a faɗi gaskiya. In mai gyara ya ce ƙura ce, sai mu fara ciniki, wai ai iska kawai ya hura. In ya yi mana ƙarya ya ce ya canza wani abu, sai mu biya muna godiya. Ni kaina da aka faɗi kuɗin, sai da bakina ya so cewa a rage, na tuna labulen nan na yi shiru.

Yanzu na ɗauke ta daga ƙasa na ɗora bisa tebur, nesa da ƙofa. Ragar gaba duk Juma'a nake zare ta in kakkaɓe. Yaron ya ce in dawo da ita kafin damina ta sauka, domin ƙurar da ta sha danshi ta fi busasshiya illa, sannan kuma a ƙarshen kowane hunturu. Bidiyon bikin nan na kai shi washegari, uwar amarya ta yi faɗanta ta huce, har ta haɗa ni da wani aikin.

Ga maigidan shago, Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci zuri'a. Kai kuma ƙanena, na ba ka ɗan abin shan ruwa ka ƙi karɓa sai da maigidanka ya ɗaga maka kai. To ga alkawari a gaban jama'a: ranar da ka tashi aure, ɗaukar bidiyo da tacewa duk a kaina, ka dai sanar da ni da wuri.

Wassalam,
Mai tace bidiyo daga Mabera, Sakkwato