Wasiƙa daga ƙarƙashin dogayen itatuwa

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya jikin Hajiya? Na san kana fushi da ni, wata huɗu ban ce uffan ba. Ka yi haƙuri. Abin da na gani a hutun nan ne ya hana ni sakat, sai na gaya maka.

Mu uku muka ɗauki mota daga birnin Siyatil na Amurka, muka hau hanya ta 101. Zangon farko dajin Hoh, cikin gandun Olympic. Ruwan da ke sauka a can a shekara ya haura mita 3, kuma ba zufa irin ta kurmin kudu, sanyi ne mai shiga ƙashi. Gansakuka ta lulluɓe komai, tana reto daga rassa kamar gemun tsoho. In itace ya faɗi ba mai taɓa shi, a kan gangarsa ƙanana ke tsirowa a jere kamar sahun salla.

Sai Kalifoniya. Akwai titin da suke kira Avenue of the Giants, kusan kilomita 50 tsakanin itatuwan redwood. Wallahi da muka sauka daga mota ba wanda ya iya magana. Kukar ƙauyenku da ka ishe mu da labarinta tun muna sakandare, a kauri za ta iya buɗe baki, amma a tsawo gara ta yi shiru. Mafi tsayin itatuwan redwood, wanda ake kira Hyperion, ya wuce mita 115. A 2006 aka gano shi, yanzu an hana zuwa wurinsa saboda sawun mutane na ɓata masa gindi. Wasu sun haura shekara 2,000, suna tsaye tun kafin Hijira da ƙarnuka. Saiwarsu ba ta nitsa sosai, yaɗuwa take yi ta sarƙe da ta maƙwabta, da rani kuma hazon teku ke shayar da su. Akwai wani ƙato da ya faɗi a 1991, har yau yana kwance. A gefensa na yi la'asar, na daɗe ban tashi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai: duk girman nan, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai ya rage na tsohon dajin, sauran kuwa masu katako sun cinye tun daga shekarun 1850. Nan take na tuna maganarka cewa masu gawayi sun fara zagaya gonakinmu. Don Allah ka je da kanka ka duba gawon gonar Baba. Kowa ya zo da ko nawa, kada a yarda.

Af, wai da gaske an sa wa ƙaninka rana? Ya riga ka ke nan, tuzuru! Goggo ce ta fesa mini, kai ko tari.

Ka kira ni ranar Juma'a in ka dawo daga gonar. A gaida Hajiya da kyau.

Naka har kullum.