Godiya ga shagon da ya bari muka tayar da tarakta da sanyin asuba

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Alhaji mai shagon sayar da taraktoci na hannu a Kano, da yaran shagonsa, musamman babban makanikensa da kowa ke kira Baba.

Mu manoman alkama ne daga yankin Kadawa da Kura, masu noman rani da ruwan madatsar Tiga. Mun haɗa kuɗi mun sayi Massey Ferguson 375 ta hannu a wajenku gab da shigowar hunturu. Yaba kyauta tukuici, shi ya sa muka ga ya dace mu yi godiyar nan a bainar jama'a, domin irin abin da kuka yi mana ya yi ƙaranci a wannan kasuwa.

Alkama ba ta jiran kowa. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake so ta shiga ƙasa, wanda ya makara kuwa zafin Maris zai riske ta tana cika ido, ƙwayar ta tsumbure. Ke nan taraktar manomin alkama dole ta yi haro tun duku-duku, a lokacin da sanyi ya fi tsanani. Injin gas kuma ba shi da fulogi kamar na fetur; matsin iskar da ke cikin silinda ne ke haifar da zafin da zai kunna man. Injin da ringinsa suka cinye yana iya tashi lafiya lau da azahar, amma da asubahin hunturu sai ya yi ta gurnani har batir ya mutu. Duk mai sayar da tarakta ya san haka. Shi ya sa a wurare da yawa za a ce maka ka zo bayan azahar, ko ka iske an riga an ɗumama injin, an faka ta a kan gangare, an shafe ta da jan fenti har kan tiyo da notuna. In ka ce a bari ta kwana ka dawo da safe, sai fuska ta canza, a ce akwai wani mai saye yana hanya da kuɗinsa.

A shagonku Baba ne da kansa ya ce kada mu kuskura mu biya sai mun ga ta tashi da sanyi. Ya sa muka zo bayan sallar asuba. Kafin a taɓa makulli ya kama hannun direbanmu ya ɗora a jikin injin da kan salansa, ya ce, "Ɗana, ji da kanka, ba wanda ya tayar da ita tun jiya." Ƙarfen ya yi sanyi ƙarara. Sannan ya ɗora mita a kan batir: volt 12.6 tana zaune, da aka murɗa makulli bai faɗi ƙasa da 10 ba, bayan ta tashi kuma ya nuna wajen 14, alamar caji na shiga. Ya ce batirin da ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin tayarwa ba zai kai ka ƙarshen hunturu ba, ko da kwalinsa na ƙyalli.

Ya nuna mana hitar da ke jikin bututun shigar iska, wadda injinan Perkins irin na wannan tarakta ke zuwa da ita. Ana riƙe makulli a wurin hita kamar daƙiƙa 15, ta kunna ɗan gas ta ɗumama iskar da za ta shiga, sannan a tayar. A taraktoci da yawa da ke yawo a ƙasar nan wayar hitar a yanke take, ko an toshe ɗan bututun man da ke zuwa mata, wai ƙasarmu ba sanyi. Sai direba ya koma jiƙa tsumma da fetur yana kangawa a bakin iska, ko ya fesa maganin tayar da inji na gwangwani. Wannan feshin yana fashewa da ƙarfi kafin lokacinsa, yana karya ringi, kuma in ya haɗu da hita mai zafi yana iya kamawa da wuta a cikin bututun. Baba ya ja mana kunne sosai a kan wannan, kuma ya yi gaskiya.

Da ta tashi sai ya ce kowa ya zuba wa hayaƙi ido. Farin hayaƙi ya fito, kafin minti ɗaya ya washe. Wannan gas ne da bai gama ƙonewa ba saboda sanyi, ba laifi. In farin ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, to a duba nozul, ko saitin lokacin da famfon gas ke ba da mai, ko ruwa na shiga ta gasket. Shuɗi yana nufin tana shan baƙin mai. Baƙi wuluk kuma ko matatar iska ta toshe ko famfo na ba da mai fiye da kima. Ya cire murfin zuba baƙin mai ya ce mu sa tafin hannu a kai, ya kuma nuna bututun numfashin inji da ke sauka ta gefe: in yana huci kamar tukunyar dambu, fistin da ringi sun gaji, kuma gyaran na iya cinye ribar shekara guda. Nata ɗan tururi ne kaɗan. Ya zaro sandar awon mai, ba fari-farin da ke nuna ruwa ya gauraya. Murfin lagireto kuma tun kafin a tayar ya buɗe shi, muka leƙa tana aiki, ba kumfa ko ɗaya.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne maganar tamostat, 'yar na'urar da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya yi zafi. Kusan al'ada ce a garejinmu a cire ta a jefar da zarar inji ya fara zafi, maimakon a wanke lagireto. Ita wannan taraktar ma haka ta zo muku, babu. Baba ya saka sabuwa kafin mu zo, kuma ya faɗa mana bai ɓoye ba. Injin da ba shi da ita ba ya kai zafin aikinsa da safiyar hunturu, gas ba ya ƙonewa sosai, yana wanke man da ke jikin silinda, yana sauka cikin baƙin mai ya tsinka shi. Mai tarakta yana murna allurar zafin inji ba ta motsi, alhali injinsa na cinyewa a hankali.

Hunturunmu ba irin na Turai ba ne da gas ke daskarewa a tanki. Namu sanyi ne haɗe da ƙura, kuma ƙurar ta fi sanyin ɓarna. Baba ya kwance tiyon da ya taso daga matatar iska ya zura yatsa ciki, ya fito da shi tas. In ka shafo gari a nan, ƙura ta daɗe tana shiga inji. Ya ce a duba matatar kullum a wannan lokaci, a hure haƙarƙarin lagireto daga ciki zuwa waje, a cika tanki da yamma bayan an tashi aiki don kada raɓa ta taru a ciki cikin dare, a kuma tsiyaye ruwan da ya kwanta a ƙasan matatar gas kafin a tayar. Baƙin mai 15W-40, a sauya shi da filtarsa duk awa 250, ko ƙasa da haka in ƙura ta yi yawa.

Bai tsaya a kan abin da ke da kyau kaɗai ba. Ya sa aka ɗaura haro, aka ɗaga sama, aka kashe inji. A hankali haron ya riƙa sauka. Ya ce akwai yoyo a silindar ɗagawa, zai yi aikin bana amma yana son gyara, kuma Alhaji ya rage kuɗin gyaran daga farashi ba tare da mun roƙa ba. Ya kuma sanar da mu cewa tamu ƙirar Pakistan ce ta kamfanin Millat, ba ta Ingila ba, domin kada a sayar mana da kayan da ba nata ba. Wani wurin da 'yar Ingila za a kira ta a ƙara kuɗi. Giya, birki, kuloci da sitiyari duk an gwada a fili. Rasit ya fito da lambar inji da ta jiki daidai da abin da ke kan ƙarfen, aka kawo mana ita har gona.

Abin takaici shi ne wannan da muke yabo shi ne mafi ƙanƙantar haƙƙin mai saye, amma ya zama abin mamaki. Manoma nawa ne suka sayar da shanu ko suka ci bashi suka yi cinikin biri a sama? Agogon awa a tsaye ko an sauya shi, ba takardar da ke nuna gyaran da aka taɓa yi, an zuba mai kauri don ya ɓoye ƙarar inji, tayoyi sun tsattsage an shafe su da baƙin fenti. Sati biyu da saye tarakta ta kwanta a tsakiyar gona, dillali ya daina ɗaga waya, maƙwabta sun gama shuka. Ga jabun filta da nozul sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya da na asali. Ga gas da ake gauraya wa kananzir ko ruwa, wanda ke kashe famfo cikin kaka ɗaya. Ba wanda ke duba tarakta ta hannu kafin a sayar, ba inda manomi zai kai kuka a saurare shi da wuri, kuma makanikan da suka san famfon gas da gaske suna tsufa ba a koyon aikinsu. Shi ya sa muke roƙon Alhaji ya ƙara wa Baba yara masu koyo, ya kuma riƙa ajiye filta da hita na asali a shago, domin mu daina yawon nema.

Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa, ya sa albarka a dukiya. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka da alheri.

Wassalam.

Daga wasu manoman alkama na yankin Kadawa da Kura, Jihar Kano.