Malama, na cire 'ya'yana daga makaranta ina koyar da su a gida, ina mafita?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malama, barka da aiki, barka da ƙoƙari. Allah Ya ƙara miki lafiya da basira, Ya saka miki da alheri kan yadda kike sauraron damuwar iyaye a wannan fili naki. Ina roƙon ki sakaya sunana, domin dangin maigidana suna sauraron shirin, kuma maganar da na kawo ta riga ta zama abin ce-ce-ku-ce a tsakaninmu.

Ni matar aure ce a Kaduna, 'ya'yana uku. Babbar mace ce, shekararta 13, da tana makaranta da yanzu tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Mai bi mata namiji ne ɗan shekara 9, sai auta mai shekara 5. Ina da takardar NCE a lissafi da kimiyya, na kuma koyar a firamare kafin in ajiye aiki. Tun shekarar karatun da ta wuce muka cire yaran daga makarantar kuɗin da suke zuwa, ni nake koyar da su a gida.

Abu biyu suka kai mu ga haka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane zango sai makarantar ta turo takardar ƙarin kuɗi, ga kuɗin mota, ga littattafan da dole a wurinsu za a saya, ga kayan makaranta da ake sauyawa ba gaira ba dalili. Maigidana ƙaramin ma'aikaci ne. Ko bayan da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, abin da yake kawowa bai isa ya riƙe yara uku a makarantar kuɗi ya kuma ciyar da gida ba. Na biyun kuwa tsoro ne. Mun ji na Ƙanƙara a 2020, mun ji na Jangebe a 2021, muna ta addu'a daga nesa. Amma ranar 7 ga Maris 2024 da aka kwashe yara a Kuriga, cikin ƙaramar hukumar Chikun ta jiharmu, sai abin ya zo ƙofar gida. Mu a gefen gari muke, makarantar yaran ma a gefen gari take. Ta gwamnatin da ke kusa da mu kuma na leƙa, na tarar da yara cunkushe a aji, wasu a ƙasa, malama ɗaya tana ta fama. Ban ga laifinta ba, na san aikin.

Kada ki ɗauka kuka kaɗai na zo yi. Karatun yana tafiya. Bayan sallar asuba mu yi tilawa, da hantsi mu shiga boko har azahar, da la'asar su tafi Islamiyyar unguwa, inda suke cuɗanya da sa'o'insu. Yaron nan da aka ce mini a makaranta ba ya gane lissafi, da na koma yi masa bayani da Hausa, ina raba masa ƙwayar gyaɗa da ledar sukari, sai ga shi yana rabawa yana ninkawa ba gargada. Mu da muka yi kwalejin horon malamai an karantar da mu gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970, inda yaran da aka koyar da harshen uwa duk tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu ba. Na karanta shi don cin jarrabawa a lokacin, yanzu kuwa a tsakar gidana nake ganinsa. Sai dai WAEC da JAMB da Turanci ake rubuta su. Yaushe ya kamata in juya akalar zuwa Turanci zalla, ba tare da na rushe abin da yaron ya fara ganewa ba?

Batun manhaja ma ya ɗaure mini kai. Ni dai tsarin NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantun ƙasar nan, nake bi, da littattafan da makarantu ke amfani da su, domin shi na sani kuma a kansa ake fitar da tambayoyin jarrabawa. Wata ƙawata ta matsa mini in koma tsarin Ingila, wai yaran su rubuta jarrabawar sakandare ta IGCSE ta Cambridge, tunda ana karɓar ɗalibi mai zaman kansa. Da na bincika kuɗin kowane darasi, sai na ga abu ne da ke tafiya da farashin fam, ba na gida irin namu ba ne. Akwai kuma manhajojin Amurka da suka cika intanet, masu kyan tsari, amma tarihin ciki na Amurka ne, kuɗin lissafin dala ce, da yawansu kuma an gina su ne a kan koyarwar coci, domin iyalan da suka yi su don 'ya'yansu suka yi. Ina ɗaukar bidiyon kimiyya daga can idan akwai wuta da data, iyakar abin ke nan. Ko kina ganin na takura yaran da na tsaya a kan namu?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tarbiyya, musamman ta namijin. A makaranta malama daban, uwa daban. Idan malama ta hukunta shi, ya dawo gida in lallashe shi, ko in ƙara masa faɗa, ya dai san akwai wurin da zai dawo. Yanzu ni ce mai alli, ni ce mai tuwo. Idan muka saɓa a kan aikin da bai yi ba da safe, fushin yana bin mu har cin abincin dare. Ya fara yi mini abin da ba zai taɓa yi wa malamin waje ba: ya kwanta a kan tabarma ya ce kansa na ciwo, ya ɓoye fensir, ya ce fitsari yake ji sai ka tsince shi a waje wurin ƙwallo. Babansa ya ce in sa bulala, ai mu ma da ita aka koyar da mu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban ce bulala ba ta taɓa gyara kowa ba. Amma na koyar a aji, na ga yaran da duka ya sa suka tsani littafi har abada, suna ganin allo gabansu na faɗuwa. Idan yaron ya tsani makaranta yana da gida. Idan ya tsani karatun gida, ina zai nufa? Na gwada hana shi fita wasa, na gwada yi masa alkawarin kyauta. Kowanne ya yi aiki na ɗan lokaci sannan ya daina. Malama, ke da kika daɗe kina jin irin wannan, yaya uwa take zama malamar ɗanta ba tare da ya rasa uwar ba?

Ita babbar kuma wata matsalar ce daban, ba daga ita ba, daga surukata. Hajiya mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa cuta mini ba, amma a wurinta abin kunya ne uwa ta zauna da 'yar fari gaba da gaba tun safe har rana tana kiran sunanta tana yaba mata. Ta ce na rasa alkunya, kuma yarinyar da ba ta fita ta ga duniya ba za ta iya zaman gidan wani ba. Kullum maganarta ita ce, ka so naka duniya ta ƙi shi. Na ce mata, cikin ladabi, ai karatun gida ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u a gidan mahaifinta Shehu ta yi karatu, kuma ta hanyar 'yan taru da jagororinsu mata da ake kira jaji ta kai ilimi ga mata har cikin ɗakunansu. Hajiya ta ce wannan karatun addini ne, ba wanda ya tambayi Nana takardar shaida. A nan kam ta kama ni, domin daidai inda ƙafata ta tsaya ke nan.

Yarinyar nan likita take so ta zama, kuma tana da kan yin hakan. Badi ne sa'o'inta za su rubuta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, BECE, wadda ta hannun makaranta ake rajistarta. WAEC da NECO na 'yan makaranta su ma sai makaranta ta tura makin gwaje-gwajen da ɗalibi ya tara a ajujuwan babbar sakandare. Na san akwai ƙofar masu zaman kansu, wato GCE ta WAEC da kuma NECO ta waje da ake yi a ƙarshen shekara, kuma jami'o'i suna karɓar sakamakonsu. Amma a can ba a shiga ɗakin gwaje-gwaje, a takarda ake amsa tambayoyin aikin gwaji. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe kwalbar awo ba, ba ta taɓa leƙa madubin ƙara girman abu ba, ko ta ci jarrabawar, yaya za ta yi ranar da ta shiga ajin farko a jami'a? Ilimin sinadarai da na fiziks na babbar sakandare kuma sun fi ƙarfin NCE ɗina, ba zan rufe ido in ce zan iya ba. Ga shi wasu jami'o'in ba sa karɓar mai neman likitanci sai ya kawo kiredit biyar a zama ɗaya.

Wani mai makaranta a unguwarmu ya kawo mini abin da ya kira sauƙi. In riƙa biyan wani ɗan kuɗi duk zango, ya sa sunayen yaran a rajista, ya cike musu maki kamar suna zuwa, idan lokacin jarrabawa ya yi su shiga cikin ɗalibansa. Ya ce ba ni ce ta farko ba. Maigidana ya ga hakan ya yi, musamman da yake dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kuma kammala, har da gargaɗi a karon farko, tara ko ɗauri ga wanda ya maimaita. Ya ce sunan da ke cikin rajista zai rufa mana asiri ta kowane ɓangare. Ni kuwa zuciyata ta ƙi. Makin da malami bai ga aikinsa ba ya rubuta, shaidar zur ce, ko da yarinyar ta cancanci fiye da shi. Da safe in koya mata cewa mumini ba ya ƙarya, sannan takardar farko da za ta riƙe a rayuwarta ta zama an gina ta a kan ƙarya da sa hannuna? Ina son ki faɗa mini gaskiya, ko tsanani na yi wa kaina. Idan kuma akwai hanya ta halal da makaranta za ta karɓi yaro ya riƙa zuwa gwaji da aikin kimiyya kawai, sauran karatun a gida, ina son in san yadda ake neman ta da kuma ofishin da ake tunkara.

Sai maganar kuɗin jami'a, wadda ita ce ta sa maigidana ya amince da tsarin tun farko. Lissafinmu shi ne abin da za mu biya makarantar kuɗi mu riƙa zuba shi a adashi, ya taru kafin babbar ta kai shekara 16 da ake bari a shiga jami'a. Amma a 2023 jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista, wasu har ninki, kuma karatun likita shekara shida ne, ban da masauki da abinci da littattafai. Kuɗin da muke tarawa kuma darajarsa kullum raguwa take. Na ji bayanin asusun NELFUND da aka kafa wa doka a 2024, bashi ne marar ruwa ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Rashin ruwan ya kwantar mini da hankali ta fuskar addini. Shi kuwa maigidan ya ce ba zai aurar da 'yarsa da bashi a wuyanta ba. Idan kuma na ɗauko malaman kimiyya biyu suna zuwa gida, kuɗin adashin ne zai tafi, mun koma inda muka fito.

Shawarar da ke yawo a raina ita ce in mayar da yarinyar makaranta daga aji uku, ta gwamnati ta 'yan mata a cikin gari, in riƙa cike mata giɓi da daddare, ƙananan biyu kuma su zauna a hannuna har su gama firamare. Amma cikin gari yana nufin motar haya biyu zuwa, biyu dawowa, yarinya budurwa ita kaɗai a hanya, ga abin da ya sa muka cire su bai gushe ba. Makarantar kwana kuwa ko sunanta babanta ba ya son ji. Ita da kanta da na tambaye ta, ta ce tana son karatun gida domin tana ganewa, amma tana kewar ƙawayenta, kuma tana tsoron kada ranar jarrabawa ta ga kowa ya san wani abin da ita ba ta sani ba.

Don Allah Malama ki duba mini waɗannan, musamman maganar rajistar nan da ta yaron, domin mai makarantar yana jiran amsa kafin a koma hutu. Idan da hali ki gayyato wani jami'in ilimi ko malamin da ya san dokar cikin shirin, na tabbata ba ni kaɗai ce zan amfana ba. In kuma akwai iyaye mata a Kaduna masu koyar da 'ya'yansu a gida, ina son a haɗa mu ta hannunki, ko ma haɗa kuɗi mu ɗauki malamin kimiyya ɗaya.

Allah Ya bar zumunci, Ya raya mana zuri'a baki ɗaya.

Wassalam.

Taki,
Wata uwa daga Kaduna