Ku Janye Maganar Wiwi da Ƙarar Kunne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na lafiya na ranar Laraba ya ɓata mini rai ƙwarai. Kun bar baƙonku yana ta nanata cewa a Kanada da Amurka masu ƙarar kunne suna samun sauƙi da tabar wiwi, mai gabatarwa yana ta amsa masa da "haka ne, haka ne", ba a samu wanda ya ce masa wane likita ya tabbatar ba. Na buga layinku har sau shida ban samu shiga ba, shi ya sa na rubuto.

Shekarata 9 da wannan lalura. Shekara 17 na yi a tsaye kan injin niƙa a Ƙofar Marusa, daga hantsi har magariba, ko auduga ban taɓa cusawa a kunne ba, don ba wanda ya taɓa ce mini ƙara tana kashe ji. Yau kunnena na hagu kamar an ɗaure gyare a ciki. Da rana hayaniyar gari tana danne shi. Da dare kuwa, in aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, unguwa ta yi tsit, sai in tashi in zauna bakin gado, tafin hannu a kan kunne, har ladan ya kira assalatu. A sahu ma ba kullum nake jin karatun liman sosai ba. Mutumin da ke cikin wannan hali, in aka ce masa ga magani, ko a bakin kura yake zai je ya ɗauko. Irinmu kuka yi wa magana a daren nan.

Washegari da safe ɗan ƙanena ya shigo gaishe ni. Shekararsa 19, Keke Napep yake tuƙawa. Ya durƙusa, muka gaisa, sai ya rage murya ya ce, "Baba, ka ji rediyo jiya? Ashe ganye magani ne. In kana so zan samo maka, ba tsada." Da zuciya ɗaya ya faɗa, tausayina yake ji. Amma jikina ya yi sanyi. Ashe yaron ya san inda ake sayarwa, ga shi kuma kun ba shi hujja. Na yi masa faɗa, ya ce, "To ai ba ni na faɗa ba, Baba, rediyo ce." Me zan ce masa?

Ban tsaya nan ba, sai da na tambayi likitan kunnen da ke duba ni. Ya ce babu binciken da ya tabbatar wiwi tana kawar da ƙarar kunne, gwajin da aka yi a kan ɓeraye ma ya nuna tana iya ƙara ta. Abin da Turawa ke bayarwa a asibiti sinadari ne da aka tace daga ganyen ko aka haɗa irinsa, aka auna, likita ya rubuta, don cututtuka ƙididdigaggu: farfaɗiyar yara mai tsanani, wadda Amurka ta amince da maganinta a 2018, da aman da ke damun masu karɓar maganin ciwon daji. Ina haɗin wannan da ƙullin da ake miƙa wa yara a bayan tasha? A ƙasar nan kuma doka ta hana ta tun 1935, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana kamawa, shugabanta Buba Marwa ya sha fitowa yana ƙin a halatta ta. Wani bincike na 2018 ya ce mutum miliyan 10.6 ke shan wiwi a Nijeriya. Ba mu rasa masu sha ba da za ku ƙaro mana.

Da minti 30 ɗin nan kun gaya wa mutane abin da zai amfane su. Dattin kunne kaɗai yana kawo ƙara, a wanke a huta. Hawan jini yana kawowa. Kwinin da allurar jentamaisin da yawan asfirin suna taɓa kunne. Ni da aka daidaita mini jini na ɗan samu sassauci, sannan likita ya ce in riƙa barin rediyo a kunne ƙasa-ƙasa kusa da matashi don ta rufe ƙarar. Tashar taku nake bari, da ita nake samun barci, kuma a cikinta na ji wannan magana. Akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, ko sunanta ba ku ambata ba. Masu injin markaɗe da masu walda da masu kwana kusa da janareta, ba wanda ya ce su toshe kunne tun kafin su zama irina.

Ku gayyato likitan kunne na gaske, a ranar Laraba, a daidai wannan lokaci, ku janye maganar da bakinku.

 

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Ƙofar Marusa, Katsina